Kek ɗin Auta da Alherin Malam Mai Inji

Auta ta ci kek! Ta ci, ta ƙara, ta lashe yatsunta a gaban matan Tudun Wada kaf, kuma ko "wash" ba ta ce ba. Gari ya waye, wani garin ya sake wayewa, ciki lafiya lau. Na san akwai mai karantawa da zai taɓe baki ya ce, "To sai me? Cin kek ne abin shela?" Ranka ya daɗe, gyara zama. In dai cikinka bai taɓa ƙulla gaba da fulawa ba, ba lallai ka gane ba. Ni dai ko zan manta lambar jarrabawata, yasin ba zan manta da wannan walimar ba, da cakwakiyar da muka sha kafin kek ɗin nan ya shiga bakin yarinyar nan. Shekaru sun ɗan ja, yanzu Autar ma ta fi ni tsawo don rashin kunya, amma abin yana nan daram a kaina kamar jiya aka yi.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a gidanmu. Tun tana mitsitsiya ba ta da lafiya: ciki kamar ganga, hannuwa kamar tsinken tsire, kullum tana hanyar banɗaki. Ba irin maganin da ba a ɗura mata ba. An yi na shawara, an yi na basir, an yi na tsutsa, an yi hayaƙi har kanta ya riƙa ƙauri kamar bandar kifi. Sai daga baya Allah ya haɗa mu da wata likita mai haƙuri, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce sunan abin siliyak. Wai akwai wani sinadari a cikin alkama, gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana miƙewa. To hanjin Auta ba sa ga-maciji da shi. Ba allura, ba ƙwaya. Maganin kawai ta rabu da alkama da duk danginta, ko ƙanƙani, kuma har abada.

Kun san me hakan ke nufi kuwa? Ba burodi, ba taliya, ba cincin, ba fanke, ba biskit, ba alkaki, ba funkaso, ba gurasa. Har ɗanwaken zamani, wanda aka kori waken aka bar sunan. Wato duk abin da ke sa yaro ya yi tsalle in an shigo da leda, an ce Auta ta yi masa sallama. Aka bar ta da shinkafa da wake, doya, dankali, sai tuwon shinkafa, don ita tun asali ba ta shiri da tuwon gari. Ikon Allah, yarinya ta fara cikowa. Kumatu suka fito, baki ya buɗe, har ta fara yi mini tsiwa, alamar lafiya ta samu.

Sai dai Ummanmu ta kafa doka. "Kar in ji, kar in gani," in ji ta. "Ciwon 'ya mace ba a kai shi kasuwa. Duk wanda ya tambaya, ku ce likita ya canja mata abinci. Iyakarta ke nan." Tsoron Umma kar unguwa ta ɗauka, a laƙaba wa yarinya "mai ciwon nan", gobe in manema sun zo a zuge su. Manema fa! Yarinyar da a lokacin ko ɗaurin ɗankwali sai an yi mata. Amma wa ya isa ya ja da Umma? Muka haddace jumlar kamar karatun allo. A gidan biki in an miƙo wa Auta cincin, sai ta ce ta ƙoshi. A gidan suna ta ƙoshi. Ranar Sallah ta ƙoshi. Duk faɗin Tudun Wada ba wanda ya kai Auta ƙoshi.

Sai kuma Gwaggo, yayar Abbanmu. A Tudun Jukun gidanta yake, amma in ka shigo gidanmu da hantsi ba ka tarar da ita ba, to ka tambaya ko lafiya. Gwaggo farfesa ce a kowane fanni, takardar ce dai ba ta samu lokacin zuwa karɓa ba. A dangi ita kaɗai aka faɗa wa gaskiyar ciwon, kuma ita ce ta ƙi yarda.

"Wai ciki ba ya son alkama!" haka take cewa, tana tauna goro. "Mu da aka yaye mu da alkaki, wa ya mutu? Cutar Turawa ce, a talabijin ta gano ta. Shagwaɓar 'yan auta ce kawai. Ku riƙa gutsura mata burodi kaɗan-kaɗan, ciki zai saba don ƙaniyarsa."

Ana haka Auta ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyarsu, aka sa ranar walima a gida. Abba, cikin jin daɗi, ya kira ta tsakar gida ya ce ta faɗi duk abin da take so. Ni na zaci za ta ce waya, har na fara tsara yadda zan riƙa aro. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Abba, kek nake so in ci a walimata. Irin wanda kowa zai ci. Kar a zuba mini ayaba a faranti ana ce mini sannu."

Umma ta miƙe wai za ta duba tukunya, alhali ba komai a kan wuta. Ni kuwa, 'yar ajin farko a jami'a, an dawo hutu, kai cike da iska, waya cike da data, na buga ƙirji na ce, "Abba, bar mini wannan. Kamar an yi an gama."

Wayyo ƙuruciya.

Na wuni ina danne-danne. Na kalli matan duniya suna kwaɓa kek da garin shinkafa a kicin ɗin da ya fi ɗakinmu girma, suna ta murmushi, da gani ba a taɓa ɗauke musu wuta ana tsaka da gashi ba. Mu kuwa obin ɗinmu tsohuwar tukunya ce, a zuba yashi a ƙasanta, a ɗora kan gawayi, a jera gwangwanayen madara a ciki. Na fara da ƙaramin injin markaɗen Umma. Na zuba masa busasshiyar shinkafa, ya yi ihu, ya yi hayaƙi, ya ce ga garinku nan. Har yau in Umma ta tuna sai ta harare ni. Dole na koma injin niƙa na bakin layinmu.

Malam mai inji dattijo ne, gemunsa ba ka gane furfura ce ko gari. Mutumin kirki na ƙarshe, tun kafin a haife ni yake yi wa gidanmu niƙa. Tsarin wurin kowa ya sani: ka ajiye robarka a layi, ka ja gefe saboda ƙara da ƙura, in an zo kanka ya ɗaga maka hannu.

Kek ɗin farko da na sauke, Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a bango. Ya yi ƙara. "Ma sha Allah," in ji ta. "A adana su. In Abbanku zai ɗaga katanga, an huta da sayen bulo." Na biyu ya fito da kamannin kek, amma kana taɓa shi sai ya zube ya zama rairayi. "Shi wannan da cokali ake sha ko da ludayi?" in ji Gwaggo. Na watsa wa kajin gidan, suka zo suka duba, suka kalle ni, suka yi gaba. Auta dai ba ta kai ko ɗaya baki ba, don ba wurin da haƙori zai shiga.

Abin ya ishe ni, na tsaya na yi wa Gwaggo lakca. Na ce mata matsalar ita ce garin shinkafa ba shi da danƙon da zai riƙe kek ɗin, shi ya sa yake wargajewa. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"To tunda yauƙi kike nema, ki zuba kuɓewa mana, 'yar boko. Ki yi mana miyar kek, mu kawo tuwo."

Gida ya ɗauki dariya, har da Umma. Ni ban yi ba. Na tuna akwai busasshiyar kuɓewa dakakkiya a kicin, na ce a raina, mutumin da ya riga ya gasa bulo, me kuma ya rage masa na kunya?

Washegari na kai sabuwar shinkafa inji. Malam ya karɓi robar ya ce, "Wai 'yata, wannan shinkafa da kike ta jido mana, masa aka fara sayarwa a gidan ba a gaya mana ba?"

Na ba shi haddar Umma ba tuntuɓe: "A'a Malam, ta Auta ce. Likita ne ya canja mata abinci."

"Allah sarki! Ashe ba lafiya. Allah ya ba ta sauƙi."

Na ce amin, na ja gefe, na gyara mayafi, na juya wa inji baya na ɗauki bidiyon kaina na sitatus. Har da rubutu a ƙasa: "Daga inji zuwa kek, maƙiya sai ku jira!" Maƙiyan nawa ɗaya ce, kuma tana tsakar gidanmu tana cin goro.

Na dawo na haɗa kayan: garin shinkafa, ɗan sitacin rogo, ƙwai, bota, suga, nunanniyar ayaba, bekin fauda, sai kuɓewa ɗan mitsitsi a bakin cokali, wadda na tankaɗe har ta koma kamar hoda. Da na buɗe tukunyar nan, jama'a, sai da na yi kabbara. Kek ya taso ya yi tozo, ya yi ja, ka danna ya dawo. Na ɗauke shi hoto ta gaba, ta baya, ta sama. Kafin ya huce na gama zaɓar sunan kamfanina. Auta ta karɓi nata da hannu biyu, ta gutsura, ta lumshe ido. Taunawa kawai take a hankali kamar ba ta son ya ƙare.

Washegari aka tashi da Auta a dunƙule kan tabarma, ta riƙe ciki tana juyi. Kumburin nan da muka manta da shi ya dawo, zaryar banɗaki ta dawo. Da farko muka ɗora mata laifi, wai ko wata ƙawarta ta ba ta biskit a Islamiyya. Ta yi ta rantsuwa tana kuka. Da ta warware, na ce ƙila botar ce ko faudar, na canja su, na sake gasawa da ragowar garin nan. Ta ci ɗan guntu. Wannan karon sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa.

Gwaggo kuwa kamar an ba ta kujerar Makka. "Kun ce alkama ce, to ga shi ba alkama, ta kwanta. Ina cutar alkamar? Ni dai na faɗa, ba a jin maganata ne." Ta juyo kaina. "Ke kuma, wane mai hankali ne ke zuba kuɓewa a kek?" Na buɗe baki in tuna mata wadda ta ba da shawarar, Umma ta watso mini wani kallo, na haɗiye.

Ranar da aka sallamo Auta, Abba ya yanke hukunci. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi zafi. "An gama maganar kek ɗin nan. Lafiyar yarinya ta fi kwaɗayi. A sayo wa baƙi na fulawa, ita a yanka mata kankana da ayaba." Auta ta ce, "To, Abba." Shi ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Wallahi da ta yi birgima a ƙasa da ya fi mini sauƙi. Ranar ko sitatus ban ɗora ba, har ƙawayena suka kira su ji ko an sace wayar ne.

Walima ta matso. Wata ranar da la'asar Auta na kwance a ɗaki, na ba ta wayata ta rage zaman shiru. Tana ta kallon tsofaffin bidiyoyina tana yi mini dariya, sai na ji ta ce, "Yaya, me Malam yake zubawa a bayanki?"

"Wane Malam?"

"Mai inji. Ke kina ta turo baki, shi yana zuba wani abu."

Na fizge wayar. Bidiyon "maƙiya sai ku jira" ne. Na kalle shi ya fi a ƙirga, amma fuskata kawai nake kallo, mu faɗi gaskiya. Na tsayar, na jawo hoton da yatsu biyu. Ga robarmu a hannun Malam, ya juye shinkafar a bakin inji. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sunkuya ƙarƙashin benci, ya ɗebo wani abu da gwangwani daga wani ɗan buhu, ya antaya a kan shinkafarmu. Ƙwayoyi ne jajaye-jajaye.

Ko takalmi ban saka daidai ba na fito. Gwaggo ta ga bidiyon, ta ɗaure zani, ta yafa mayafi. "Muje! Dama na ce hannu aka sa wa yarinyar nan." Kun ji fa. Jiya shagwaɓa ce, yau ta zama sammu. Farfesa ba ta faɗuwa jarrabawa.

Muka tarar da inji yana ta ruri. Na miƙa wa Malam wayar, na ɗaga murya, "Malam, mene ne wannan ka zuba mana?" Ya ƙanƙance ido ya duba. Maimakon ya rikice, sai ya washe baki yana sosa ƙeya kamar wanda aka kama yana sadaka.

"Kai, yaran zamani! Ni da na so in ɓoye, ai alheri ba a yi masa shela. Alkama ce, 'yata, mai kyau, tawa ta gida."

Gwaggo da ta taho da faɗa a baki ta tsaya da bakin a buɗe.

"Alkama?" na ce. "Malam, don Allah me ya sa?"

"Ba ke kika ce likita ya canja mata abinci ba? Ai duk unguwar nan, wanda likita ya canja wa abinci alkama yake kawo mini. Masu ciwon suga, masu hawan jini, duk tuwon alkama suke ci. Na ga ku kuna ta kawo shinkafa zalla, na ce Allah sarki, alkama ta yi tsada, gidan mutunci ne, ba za su iya faɗa ba. Shi ne na ɗan gyara mata da gwangwani guda, ko ta samu ƙarfin jiki."

Wato tausayinmu ya ji. Ya ɗauka talauci ne ya hana mu sayen alkama, ya rufa mana asiri. Ban san lokacin da dokar Umma ta fice mini daga kai ba. A gaban matan da ke layi na ce, "Malam, alkamar ita ce ciwon. Ita likita ta hana. Ita ta kai Auta asibiti."

Ya kalle ni. Ya miƙa hannu ya kashe injin. Ban taɓa jin shirun wurin nan ba sai ranar. Ya zauna a kan benci, ya cire hula, ya riƙe ta da hannu biyu. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hannuna? Yarinyar da ke gaishe ni kullum in za ta makaranta?" Ya ɗago. "To me ya hana ku gaya mini?"

Ina tsaye ina kallon wurin, sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko: gari a bakin inji, gari a buhun da ake tarewa, gari a bango, gari a iska, ga robobin alkamar masu alkakin biki a layi. Ko bai ƙara mana komai ba, injin nan ba na Auta ba ne.

A hanyar gida Gwaggo ba ta ce uffan ba, abin da tarihi bai taɓa gani ba. Sai da muka kusa ƙofa ta tsaya. "Ke, ita Autar ta san da alkama a kek ɗin nan?"

"Ina za ta sani, Gwaggo? Ni da na gasa ma ban sani ba."

"Ba wanda ya sani, amma cikin ya sani." Ta gyara mayafi. "Ashe ciki ba ya kallon talabijin."

Kar ku jira in ce ta ba da haƙuri. Gwaggo ba ta san hanyar garin ba. Abin da ta yi shi ne, ta wuce kai tsaye wurin Abba ta ce a dawo da maganar kek. Abba ya fara, "Yaya, ai na riga na ce..." Ta katse shi: "Kai, ni na goye ka. Ba kek ba ne ya kwantar da ita, alkama ce, na ji da kunnena. A sayo mini sabon turmi da taɓarya da rariya, waɗanda fulawa ba ta taɓa gani ba." Abba ya dubi Umma, Umma ta dubi tukunyar da ba komai a cikinta. Washegari turmi ya iso a keke.

Aka jiƙa shinkafa, aka tsane, aka baza ta sha iska, Gwaggo ta ci ɗamara. Na karɓi taɓarya don in nuna ni ma 'yar gida ce. Ban yi nisa ba kafaɗata ta fara kiran sunan Allah. "Matsa can, hannun danna waya," in ji Gwaggo. "Babban yatsa kamar na ɗan dambe, damtse kamar taliya." Ta karɓa. Tsohuwar nan ta yi daka har da lugude, tana wurga taɓarya sama tana tafi, Umma na tankaɗe, gari na zuba fari sol, laushi kamar hodar jarirai.

Amma ni akwai tambayar da ta hana ni sakat. Kek ɗin da ya yi kyau, ranar da aka sa kuɓewa aka gasa shi, kuma ranar ce aka sa alkamar. To wa ya riƙe kek ɗin, kuɓewar Gwaggo ko gwangwanin Malam? In alkamar ce, mun koma gidan bulo, kuma Abba ba zai sake ba da dama ba. Na kwaɓa, na zuba a gwangwanaye, na rufe tukunya, na tsuguna a gabanta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da na ɗaga murfi, ya taso. Bai kai wancan tozo ba, gaskiya, amma na ɓare shi gida biyu ya tsaya da ƙafarsa, bai zube ba. Gwaggo ta gutsura ta tauna. "Ai dama na faɗa miki kuɓewa ce maganinsa." Na ce, "Ƙwarai, Gwaggo. Har cewa kika yi mai hankali ne kaɗai ke sa ta." Ta jefe ni da murfin roba.

Aka ba Auta ɗan ƙaramin yanki na gwaji, gida ya zuba mata ido kamar sabuwar talabijin. Ta motsa, a ce "cikin ne?" Ta yi hamma, a ce "cikin ne?" Shiru kake ji. Nan Gwaggo ta yanke cewa ba za a sayo na fulawa ba sam, kek iri ɗaya za a yi wa kowa. Muka yi ta daka da gashi har tsakar gida ta koma kamar gidan burodi, bambancin kawai ba burodin.

Ranar walima gida ya cika. Auta ta sha farin hijabi, ta karanta abin da aka ce ta karanta, ba ta yi tuntuɓe ba. Aka fara rabon kek. Mata na ci suna santi, "Kai, wannan a ina aka yi oda? Ji laushi!" Ni ina gefe ina danne dariya, ina kallon manyan hajiyoyi suna cin miyar kek. Aka miƙa wa Auta nata daga tire ɗin da kowa ke ɗauka. Ta riƙe, ba ta kai ga ci ba, sai ga wata Hajiya maƙwabciyarmu, babbar mace da ko Abba rusuna mata yake, ta ratso taro da kwanon alkaki. Ta ɓantaro, ta nufi bakin Auta. "Haɗiye wannan, 'yar albarka, da hannuna na yi miki. Yau ba zancen na ƙoshi, ga kek nan a hannunki."

Kun san a wurinmu ba a mayar da hannun babba, balle a gaban jama'a. Kuma ƙaryar ƙoshi ta ƙare, tunda ga kek a hannu. Auta ta daskare, ido ya ciko da ƙwalla, ta waiga tana neman Umma. Ni har na yunƙura. Sai na ji muryar Umma daga bakin kicin, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri, kar ki ba ta. Alkama ce ba ta ci. Ciwo gare ta, ko ƙanƙani ta ci sai asibiti. Kek ɗin nan da kuke ci ma na shinkafa ne, saboda ita aka yi shi."

Umma fa! Mai dokar kar in ji kar in gani, ta kai ciwon kasuwa da kanta, ranar da kasuwar ta fi ci. Hajiya ta janye hannu da sauri. "Subhanallahi! Shi ne ba ku taɓa faɗa ba? Ni da nake cewa yarinyar nan girman kai gare ta, ba ta cin abin mutane!" Ta jefa alkakin a nata bakin, ta dafa kan Auta. "Ci naki, 'yata, ci."

Auta ta ci. Ta ƙara. Ta lashe yatsu. Ba wanda ya ce mata sannu.

Tabbas nan take likitoci suka ɓullo ta ko'ina, wannan ta ce saiwar kaza, waccan ta ce a gwada zuma da habbatussauda. Amma kafin Umma ta buɗe baki, Gwaggo ta miƙe ta yi musu lakcar gulutin tiryan-tiryan, kamar ita ta gano shi. Kuma har yau ban ga wanda ya zo ya ce ya fasa neman auren Auta ba, tunda har yau ɗin karatunta take yi.

Da yamma na kai wa Malam mai inji nasa a leda. Ya ci, ya gyaɗa kai, ya yi ta sa albarka. "Kai, ya yi daɗi, 'yata. Sai dai da an ɗan sa masa..." Ya kama bakinsa da hannu. Muka kwashe da dariya har sai da ya share ƙwalla.

Abin da na koya bai da yawa. Mun yi ta tsaron Auta daga bakin mutane, ashe ba maƙiyi ne ya kai ta asibiti ba, masoyi ne da muka ba rabin magana. Mutanenmu in sun ji ba ka da lafiya sai sun taimaka, ko ka so ko ka ƙi, kuma da abin da suka sani za su taimaka. Don haka in an hana naka wani abinci, faɗi sunan abincin ɓaro-ɓaro: ga mai inji, ga mai masa, ga malaman makaranta, ga Hajiyar maƙwabta. Kunya ba ta tsayar da gudawa.

Don Allah in ka karanta, ka tura wa wani. Tura gurup ɗin gidanku, tura wa mai yi muku niƙa in yana da waya, kuma musamman ka tura wa gwaggonka.